Hantar Ragon Layya

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Isufu, ƙanin mahaifiyata, mahauci ɗan Maraɗi da ya riƙe ni a birnin Greensboro na Amurka har na gama jami'a. Har yau ba na iya cin hanta ranar Babbar Sallah.

A wata gona da ke Pleasant Garden, can bayan gari, muke layya. Da an feɗe rago, Kawu zai zaro hantar, ya ɗaga ta ga rana, ya danna da babban yatsa. In ya ji ƙullutu, sai ya yar da ita, ko da mai ragon zai ɓata rai. "Alhaji, ƙibar ragonka a waje ta tsaya," haka yakan ce yana dariya.

Tasa hantar ba wanda ya duba sai da cikinsa ya kumbura. Ni na yi tafinta ranar da likita ta ce ciwon daji ne, kuma ƙwayar cutar hanta da ya ɗauko tun yana yaro ce mai yiwuwa ta jawo shi. Ta ce a gwada jinin mutanen gida. Matarsa, Anti Hadiza, ta ce a gidansu ba a kiran sunan irin wannan ciwo. Ciwon shawara ne kawai, in ji ta. Da sunan shawara aka binne shi, kuma haka aka gaya wa ɗansa Aziz, ba a kuma gwada jininsa ba.

Kwanakin baya na karanta cewa masu bincike suna gwada wata dabara. Ban karanci likitanci ba, ina iya yin kuskure. Yadda na fahimta, sukan ɗauki ƙwayar cuta su kashe mata kaifi, su ɗora mata wani saƙo na ƙwayar halitta, su tura ta cikin dajin. Saƙon ya raunana shi, sannan a haska masa hasken da ake ƙona daji da shi, ya fi kamawa. Gwaji ne tukuna, kuma ban san ko da zai yi wa Kawu amfani ba. Amma na kasa barin tunanin: ƙwayar cuta ta cinye shi, yau ga 'yar'uwarta an sa mata linzami ana aikenta. Me Kawu zai ce? Ina jin zai tambaya ko sun duba cikin ragon kafin su fara yabonsa.

A layyar bana Aziz ne ya yi fiɗa. Ya zaro hantar ya ɗaga ta ga rana, ba wanda ya koya masa. A hannun nan nasa na ga Kawu, na kuma tuna abin da wataƙila ke cikin jininsa. Na sami Anti Hadiza wajen tukwane na ce, "Anti, ko mu gaya masa?"

Ta ci gaba da juya miya. "Kai da tsoronka," in ji ta. Can ta ce, "Jeka. Ni bakina ba zai iya ba."

Na gaya masa ainihin ciwon mahaifinsa a bayan mota, ina ta kwana-kwana. Ya amsa da Turanci cewa ya gode, amma don me sai yanzu? 

Shagon Kawu ya koma hannun wasu, wuƙaƙensa sun yi tsatsa. Abin da ya rage shi ne wannan ɗabi'a ta duba ciki kafin a ci. Allah ya jiƙansa. An ɗibi jinin Aziz ranar Litinin, kuma ya ce in raka shi karɓar sakamako.