Kaskon Turare a Ɗakin Mai Tari

Da haɗa turaren wuta na ci, na sha, na aurar da 'ya'yana mata. A unguwarmu ta Yerwa, in za a kai amarya, ƙofata ake fara zuwa da kwalabe. Hannuna ya san icen sandal, ya san lokacin da sukari ya kama shi.

An yanke mini nonon hagu saboda ciwon daji a shekarun da man fetur ya yi wahala, har sai da maigida ya wuni a layi kafin ya samu na kai ni asibiti. Na ɗauka an rabu ke nan. Ana nan sai tari ya kama ni, wurin ɗinkin kuma ya buɗe ya zama miki. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina, ya nuna mini wasu fararen ɗige-ɗige, ya ce ciwon dajin ya shiga huhu.

"Hajiya, ki nisanci hayaƙi," in ji shi. "Na murhu, na turare, duka."

Mikin yana wari, ba abin ɓoyewa. Ana wanke shi da ruwan gishiri a rufe da auduga, amma kafin azahar ya dawo. Ni da hancina ya ciyar da ni shekara da shekaru, na fi kowa jin sa.

Yayata ce ta taso daga unguwar Gomari ta zo jinyata. Da ta ji sallamar 'yan dubiya, sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren da na haɗa da hannuna, ta zagaya ɗakin. Su shigo suna yaba ƙamshi, ni kuwa ina neman numfashi kamar kazar da aka riƙe wa wuya. Ranar da na gaji na ce mata, "Yaya, hayaƙin nan kashe ni yake yi."

"To me za a ce? Ɗakin 'yar Barno, mai turare ma, a shigo a ji haka?"

"A ji."

Ta fitar da kaskon.

Numfashina ya dawo, na samu barci. Su kuma 'yan dubiya suka koyi tsayawa a bakin ƙofa. Mace ta ja gefen lafayarta zuwa hanci kamar gyarawa take yi, ta ce wushe, wato sannu, Allah ya sawwaƙe, ta tuna ta bar tukunya a wuta. Matan da na ƙamsasa wa 'ya'ya ke nan, wasu ma kyauta na yi musu. Daga baya sai dai saƙon gaisuwa. Wanda ya fi ƙona mini rai maigida ne. Mutumin da ke wuni cikin kashin shanu a Kasuwar Shanu, shi ma daga bayan labule yake tambayar ya jiki. Na ji haushinsu duka, har yau ina ji. Na wuni ina kallon rufin ɗaki, rediyo kaɗai ke yi mini magana.

Wata Juma'a na jiyo muryoyin maƙwabta a tsakar gida suna hira da Yaya. Ɗaya ta ce, "Tana barci ko?" da muryar mai fatan a ce mata e. Yaya ta ce e.

Na kira ta, na ce ta kawo kasko.

"Likita fa?"

"Likita ba ya wuni a ɗakin nan. Zuba da yawa."

Ta zuba, idonta ya cika da ƙwalla. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, matan suka shigo suka baje a tabarma, har da mai zama a bakin gadona tana dafa mini ƙafa. Aka yi hirar biki, aka yi ta tsadar atamfa, har la'asar. Ban sa baki ba, don tari ya hana ni. Na danne bakina da tsumma, na naɗe shi a tafin hannu kada su ga jinin.

Da za su tashi, wadda ta dafa ƙafata ta dube ni ta ce, "Alhamdulillahi, Hajiya, yau kam jiki ya yi sauƙi. Gobe ma za mu leƙo."

Na ɗaga kai, na ce Yaya ta ajiye garwashin gobe.