Ɗan Malam Ba-ruwanmu

Da azumin bana aka cika shekara ashirin da biyu da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku Tela, wanda 'yan kasuwar Faskari suka fi sani da Malam Ba-ruwanmu. Sunan tsokana ne, domin ban taɓa ganin mai shiga sharo ba shanu kamarsa ba. Allah ya jiƙansa.

Daga rediyo sunan ya samo asali. Baba ya yi samartaka a zamanin da ƙasashenmu ke karɓar mulkin kai ɗaya bayan ɗaya, Amurka da Rasha kuma kowace tana zawarcinsu. Sai wasu sababbin ƙasashen Afirka da Asiya suka haɗa kai, suka ce ba sa bayan kowa. Masu fassara labarai suka raɗa musu 'yan ba-ruwanmu. Baba yana son ƙasashen nan kamar danginsa, amma ya tsani sunan. Da mai karanta labarai ya furta shi, sai ya tsai da keken ɗinki ya hau akwatin da faɗa: "Kai yaro, ba haka take ba! Ba ruwanmu da hwaɗan manya, amma da ruwanmu da juna. Wa ya koya maka Hausa?"

Mutum ne mai zargi. In aka kawo buhunan agaji masu tutar wata ƙasa, sai ya juya buhun gaba da baya, ya ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan hali na gada kaf. Yanzu ina jin samari a teburin mai shayi suna gardama, wasu na yabon wannan babbar ƙasa, wasu na jiran waccan ta zo ta cece mu, kowa da bidiyonsa a waya, babu mai tambayar wanda ya turo. Da Baba yana nan, da ya ce musu sauya ubangida ba 'yanci ba ne.

Amma ba samarin suka sa na ɗauki alƙalami ba. Kwanakin baya wani baƙo ya zo ƙauyenmu da ke gefen Mairuwa, cikin farar shadda, da mota mai baƙin gilashi. Ya tara mu a ƙofar mai gari, ya ce manya ne suka aiko shi, bai faɗi ko su wa ba. Saƙonsa shi ne 'yan bindigar daji za su bar mu mu yi noma a daminar bana. Sharaɗi guda: in sun bi burtalinmu a kan babura sun nufi wajen Sabuwa, ba mu gani ba, ba mu kira kowa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ku dai ku zama 'yan ba-ruwanmu."

Burtalin nan yana ƙarewa ne a ƙauyen da ƙanwata Binta take aure, ita da 'ya'yanta.

Ban ga laifin waɗanda suka gyaɗa kai ba. Gonakinmu na nesa sun zama daji, rumbuna sun zama wayam, yunwa kuwa ba ta san zumunci ba. Wani dattijo ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan ma karin magana ce da Baba ya yi ta rigima da ita. Cewa yake ruwan da za ka ɓata a gemunka, watsa wa nasa, wutar ta mutu tun daga can.

Na san Baba bai taɓa tsayawa gaban bindiga ba, faɗa da rediyo kuma ba shi da wuya. Su ma ƙasashen da yake ƙauna, da yawansu sun tsallake ɗaya ɗaya sun yi nasu cinikin da manya a ɓoye. Duk na san wannan, kuma tsoro nake ji. Amma sai na ji bakina ya riga ni. Na ce, "Alhaji, kalmar ga ba haka take ba. Ba ruwanmu da manyan da suka aiko ka. Da ruwanmu da mutanen da ke ƙarshen burtali."

Baƙon bai fusata ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya tambayi mai gari, "Ɗan wane ne wannan?"

Kafin mai gari ya buɗe baki, wani tsoho daga baya ya ce, "Ɗan Malam Ba-ruwanmu ne."

Baƙon ya maimaita sunan a hankali, irin na mai gudun mantuwa, ya shiga mota.

Har yau ƙauyenmu bai ba da amsa ba, damina kuma tana ƙaratowa. Na gaya wa Binta kada ta ƙara kashe wayarta. Keken ɗinkin Baba ya yi tsatsa, rediyon ya daɗe da mutuwa, ƙasashensa sun watse kowace ta kama gabanta. Abin da ya bar mini rigima ce da kalma guda, da sunan da yanzu aka tafi da shi daji. Ban sani ba ko gadon nan zai bar ni in ga kaka. Na dai san in babura suka wuce, zan kira.