Injiniya Ɗanlami da Injin da Bai Isa Kano Ba

Ina cikin metro, jirgin ƙasa na cikin birnin Dubai, da hantsin wata Talata, mun baro Al Karama ke nan, wayata ta yi ƙara. Alhaji Sule ne, wanda muke zaune gida ɗaya da shi a Al Qusais. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Nasiru, sauka duk inda kake. Injiniya ya faɗi a bakin sito, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa." Na yi salati da ƙarfi har mutanen da ke kusa da ni suka waiwayo. Ban sauka ba. Na tsaya riƙe da ƙarfen jirgi ina kallon tashoshi suna wucewa. Allah Ya yafe mini, kafin in tuna da iyalinsa, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne injinsa da ke ajiye a sito, wanda na yi shekara uku ina yi masa alkawarin zan tura Kano.

Sunansa Malam Ɗanlami, mutumin Fagge, amma duk Bahaushen da ke harkar kayan mota a Dubai da Injiniya ya san shi. Shekara goma sha ɗaya muka yi ɗaki ɗaya. Ni aikina lodin kwantena: 'yan kasuwarmu su sayi tsofaffin injinan mota da ake kawowa daga Japan, ni in shirya su in tura gida. Shi kuma shi ne mai duba musu kaya kafin su saya. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara kunnensa a mariƙin, ya rufe ido. In ya ce a ɗauka, a ɗauka. In ya goge hannunsa ya yi gaba, to ko mai kaya ya rantse da duk abin da ya sani, ba wanda zai taɓa. Akwai ranar da wani ya bi shi gefe yana roƙon ya rufa wa kayansa asiri, sai ya ce masa, "Direban da zai kwana a daji da injin nan, shi wa zai rufa masa?"

Yana saurayi, lokacin da duniya ke cewa Japan ta kusa shan gaban Amurka a arziki, wani kamfanin ƙasar ya yi niyyar kafa masana'antar injin ban-ruwa a unguwar Sharaɗa da ke Kano. Aka zaɓi matasa kaɗan aka tura su can koyon aiki, har da shi. Ya yi shekara biyu a wani ƙaramin gari mai sanyi, ƙarƙashin wani tsoho da ya koya masa injin sassaƙa ƙarfe, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi har ya kai daidai awon da ake so. Ya dawo da takardar shaida da kayan aiki a ninke, ana jiran injina su iso. Sai farashin filaye da hannun jari ya rushe a Japan, bankunansu suka shiga uku, kamfanin ya aiko da wasiƙar ban-haƙuri. An riga an yi katanga a filin masana'antar. Ya ce har ya baro Kano awaki ne ke kiwo a ciki.

Daga nan rayuwarsa ta bi ta wata hanya, amma tunaninsa ya tsaya a mararrabar nan. In mun dawo daga aiki, bayan magariba, ya haɗa koren shayinsa marar sukari wanda ba mai taya shi sha, sai ya fara. Mun ma san mabuɗin: "Ka ga da a ce..."

"Ka ga da a ce kuɗin da suka zuba a filayen Tokyo, suna sayar wa juna fili ɗaya farashinsa na tashi, da masana'antu suka gina da shi a wurare irin namu, da yanzu Kano ce ke aika wa Nijar da Chadi injin ban-ruwa sabo fil. Da su ma ba su zauna shekara da shekaru wuri ɗaya ba, don da suna da kasuwar da ba ta tsufa."

Alhaji Sule, wanda kayan China yake turawa, ba ya barin ta ta wuce. "Da wace wutar, Injiniya? Yalla, maza faɗa mana. Da sun zo ɗin ma da janareto ya kore su kafin shekara uku."

Injiniya mutum ne da ba ya musun abin da ya san gaskiya ne. Sai ya ce, "Wannan laifinmu ne, na yarda. Amma masana'anta ita ke jawo wuta, Sule. Ba a kai wa awaki wuta."

Wata rana kuma hanyar daban ce. Ya ce da Japan ta buɗe ƙofarta ga baƙi tun da wuri, yadda Dubai ta buɗe, da ba ta wayi gari tsofaffi sun cika ƙauyuka ba mai karɓar sana'arsu. Tsohon da ya koya masa aiki ya rufe shagonsa ne don ba magaji. "Ga ni nan, na iya, ina so, amma ba hanyar zama. Shi ya mutu ba almajirin sana'a, ni na tsufa ba injin aiki." Ko kuma ya ce da sun riƙe gabansu a harkar waya da kwamfuta yadda suka riƙe a rediyo da talabijin, da 'yan kasuwarmu gaisuwar Japananci suke haddacewa yanzu maimakon ta China. Ni nakan tsokane shi in ce, to da duk haka ta faru, da ni da shi ba mu da abin yi a Dubai, tunda abincinmu a motocin da suka yar yake. Sai ya yi dariya ya ce, "Da ka huta, Nasiru. Da kana gida kana loda sabo, ka daina kankare sauran kwanon wasu."

Na daɗe ina ɗaukar wannan hira a matsayin abin rage dare na tsoho mai ƙorafi. Ban gane ba sai shekara huɗu da suka wuce, ranar da aka buɗe wata kwantena daga Japan, a can ƙurya bayan injinan mota aka ga wani tsohon injin sassaƙa ƙarfe, kore, duk ya yi tsatsa. Irin wanda ya koyi aiki a kansa ne. Na ga dattijon nan ya durƙusa yana shafa shi da tafin hannu. Ya saye shi aka ajiye masa a kusurwar siton da muke haya mu da yawa. Duk ranar hutu can yake wuni. Ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya shafa mai, ya mayar. Shekara guda ya yi kafin injin ya juya.

'Yarsa Rabi ta karanci aikin injiniya a gida, ita ce za ta karɓa. Shawararsu ita ce ta buɗe ɗan shago a Kano ta riƙa ƙera ƙananan kayan injin ban-ruwa waɗanda manoman rani ke wahalar samu. Ya aika mata da awon ƙafafun injin, ya ce ta zuba daɓen kankare ta dasa ƙusoshi huɗu da za a ɗaure shi a kai. Ta yi, ta turo hoto. Ya auna hoton da ido ya ce daidai ne. A ranar ya ce mini, "Japan ba ta zo Sharaɗa ba. To, ga ɗan abin da ya rage nata, mu kai shi da kanmu."

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi don ina rubuta ta'aziyya ba. Kwantena tana da iyakar nauyi, injinan mota kuma nauyi gare su. Duk lokacin da aka zo lodi, sai a samu ɗan kasuwar da bizarsa ta kusa ƙarewa, yana tsaye a kaina. Sai in je in ce, "Injiniya, a yi haƙuri, kwantena mai zuwa." Shi kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Cewa yake, "Sallami mai gaggawa. Injin da ya jira shekara talatin ba zai gaza wata ɗaya ba." Haƙurinsa ya sa na mayar da shi na ƙarshe a kullum, don na san shi ne kaɗai ba zai yi mini rigima ba.

Akwai kuma al'adar sito da kowa ya sani. Duk wanda ya sayi kaya, sai ya ɗauki fentin feshi ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a jiki. Leburori ba sa karanta takarda, ba sa tambaya, fenti suke dubawa. Abin da ke da fenti yana da mai shi, abin da ba shi da shi kuwa tarkace ne, rabon 'yan gwangwan. Sau uku ina zuwa da gwangwanin fenti zan rubuta, yana riƙe hannuna. Ya ce, "Inji ne, ba ragon layya ba. Malamina ko da alli bai yarda a ɓata wa inji fuska ba." Abin da ya yi shi ne ya samo ɗan kati, ya rubuta sunansa da na Rabi da kyakkyawan rubutunsa, ya saka a leda, ya ɗaure da zare a jikin mariƙi, yadda ya ga ana yi a Japan. Na yi dariya na ƙyale shi.

Wanda bai taɓa rasa ɗan'uwa a ƙasar mutane ba bai san yadda takardu ke cinye makoki ba. Kwana biyar muka yi, ni da Alhaji Sule, daga wannan ofis zuwa wancan, kafin a ba mu izinin binne shi. Iyalinsa suka ce a sa shi a nan, aka yi masa sutura a maƙabartar Al Qusais. A cikin kwanakin nan ne wata ya ƙare, kuma ƙarshen watan ne aka sa za a tashi daga tsohon siton zuwa sabo. An sanar da mu tun da wuri. Na sani sarai. Sau biyu abin ya faɗo mini a rai ina kan layi da fasfonsa a hannu, na ce ai kowa ya san injin Injiniya. Na manta cewa masu kwasar kayan leburorin haya ne da ba su taɓa ganin sa ba.

Washegarin jana'iza na je. Siton fayau, an share. A kusurwarsa ba komai sai tabon mai a ƙasa, murabba'i, da alamun ƙafafu huɗu. Na nemi mai kula da wurin, wani dattijo ɗan Pakistan da ke girmama marigayin ƙwarai. Da na tambaye shi sai ya dafe kai. Ya ce ranar yana can sabon siton yana karɓar kaya. "Ba fenti, habibi. Mota ta zo, sun ɗauka. Kalas, shi ke nan." Muka shiga motarsa muka bi sawu har filin masu tsohon ƙarfe. Mai filin ya saurare mu da ladabi, ya ce kayan wannan makon an yanka su tun shekaranjiya, an loda. Ya nuna mana tsibin da ya rage ko za mu duba. Na yi awa biyu ina tona ƙarafa cikin rana, ban san ma abin da nake nema ba. Ba wanda zan kama da laifi. Leburori sun bi ƙa'ida, mai filin ya sayi abin da aka kawo masa, shi kuma marigayin ya bi tarbiyyar malaminsa. Ni ne na san duka ɓangarorin biyu, kuma gwangwanin fentin yana cikin jakata har yau.

Katin na tsinta a bakin ƙofar tsohon siton, cikin shara, zarensa a tsinke.

Kwana uku na yi ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin in kira Rabi. Na yi mata gaisuwa, ta amsa da dauriya irin ta mahaifinta. Kafin in kai ga maganar sai ta riga ni. Ta ce, "Kawu Nasiru, kada ka damu da gaggawa. Duk lokacin da aka samu wuri a kwantena. Na sa an rufe ƙusoshin da leda saboda damina, ba za su yi tsatsa ba." Na faɗa mata. Sai ta ce, "Ya juya kuwa, kafin ya rasu? Ka gani da idonka?" Na ce ya juya, na gani, har ya fere ɗan ƙarfe ya ba ni na riƙe da ɗuminsa. Ta ce, "To alhamdulillahi. Ka aiko mini da katin."

Yanzu in magariba ta yi, ni da Alhaji Sule mukan zauna mu biyu, ba Injiniya, ba koren shayinsa. Shekaranjiya na ji bakina ya fara, "Ka ga da a ce..." sai na kasa ƙarasawa. Shi nasa "da a ce" na manyan ƙasashe ne da bankuna, abubuwan da ba shi da iko a kansu ko kaɗan. Nawa bai wuce minti ɗaya da gwangwanin fenti ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗanlami ya zo gare Ka daga ƙasar da ba tasa ba. Ka jiƙan sa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa gaskiyar da ya riƙe a sana'arsa ta yi masa nauyi a mizani. Ka ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ka zama gatansu. Ka yafe mini haƙƙinsa da na riƙe har ya tafi bai tambaya ba. Rabi kuma, wadda ke da daɓe da ƙusoshi huɗu a Kano suna jira, ya Allah Ka kawo mata abin da za ta ɗaura a kansu, ta hannun wanda ya fi ni cika alkawari. Amin.