Ƙazuwar da Baffa Bai Yi Ba

Surukina, wanda duk gidanmu na unguwar Jekadafari ke kira Baffa, bai taɓa yin susa a gaban mutum ba. Bafulatani ne na gaske. Ba ya cin abinci a idon jama'a, ba ya cewa ya gaji, kuma ko kunama ce ta harbe shi sai dai ya ce yau ƙasa ta ɗan yi zafi. To, a gidan irin wannan mutum ƙazuwa ta zo ta sauke kayanta.

'Yata, wadda shekararta huɗu a lokacin, ita ta fi shan wuya. Tsakanin yatsunta duk ƙuraje, wuyan hannu da ƙugu kuwa ta soshe su har sun fara ruwa. Na sa ta a keke muka tafi asibiti. Malamar asibitin ta ce wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami a cikin fata, yana bin jiki zuwa jiki da kayan shimfiɗa. Ta ba mu maganin shafawa.

"Kowa a gidan zai shafa, rana ɗaya, daga wuya har tafin ƙafa," in ji ta. "Mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi. Bayan mako a maimaita. In aka bar mutum ɗaya, aikin banza aka yi."

"Har tsofaffi?"

"Ƙwaron ba ya duba furfura."

Muka shafa, ni da maigidana da yarinyar, muka yi fari fat kamar an tsoma mu a garin rogo. Na wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, na shanya a rana, na bi su da guga. Bargunan da suka fi ƙarfina na ɗaure su a leda tsawon mako. Yarinya ta warke. Ba a yi wata ba ƙuraje suka dawo.

Ina za su ƙi dawowa? Yarinyar wuni take a cinyar Baffa, a kan buzunsa a zaure, yana kiranta amaryarsa. Na fara sa masa ido. Sai na ga Baffa ya ƙulla abota da ginshiƙin ƙofa, duk wucewa sai ya tsaya ya jingina yana ɗan rausaya. Eriyar rediyonsa ta lanƙwashe. Carbi kuwa tsakanin yatsu yake zura shi yana ja kamar mai aikin zarto. Da rana tsaka sai ka ji ya ɗaka wa cinyarsa mari, wai sauro.

Na ce wa maigidana, "Ka gaya wa Baffa ya shafa magani."

Ya dube ni kamar na ce ya mari liman. Shi ɗan fari ne, ko sunansa Baffa ba ya faɗa. Ya dai tafi, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar shanun da ke ruga, ya dawo yana gumi. Na ajiye kwalbar maganin kusa da butar Baffa. Ta dawo mini a kan tiren abinci, da saƙon cewa wani ya manta kayansa.

Ranar da na ga hannun yarinyar ya kumbura har ba ta iya riƙe cokali, na shiga kicin na yi kuka. Haushi nake ji, na Baffa, na mijina, da na kaina da ba ni da bakin magana.

A nan na tuna akwai mutum ɗaya a gidan da ke jan gemun Baffa ya yi dariya. Jika ba ta da kunyar kaka. Na zaunar da ita na koya mata: ki ce a hankali, "Angona, zo mu shafa mai tare." Ta maimaita sau uku. Na laɓe bayan ƙofa. Ashe abokansa biyu na zaune.

"Tsoho," ta ce da ƙarfi, "Mama ta ce kai ne mai ƙazuwar, kai kake ba ni. In ba ka shafa magani ba na fasa auren."

Na so ƙasa ta tsage in shige. 

"Amarya, zo in gani," in ji Baffa. Ya kama hannun, ya juya shi, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ni ba abin da ke damuna. Amma ba a barin amarya ta yi fari ita kaɗai. A kawo kwalbar. A ƙaro biyu saboda waɗannan bayin Allah, su ma ba abin da ke damunsu."

Washegari buzu ya hau igiya, manyan riguna suka shiga ruwan zafi, gida duka ya sake yin fari.

Tsawon makon nan Baffa bai ɗauki yarinyar ba. Ba wanda ya hana shi. Tana zuwa ta miƙa hannu, shi kuwa ya maida nasa baya ya kawar da kai, tana kuka yana kallon bango. Sai da aka yi shafawa ta biyu, ƙurajen suka bushe, ya kira ta ya duba yatsun, ya ɗora ta a cinya.

Har ya rasu, in zancen ya taso, cewa yake, "Shekarar da gidanku ya yi ƙazuwa."