Ranar da Kaka Ta Ƙi Kwanciya

A gidanmu na unguwar Nima a Accra wuta ba ta mutuwa da wuri, saboda Kaka Lariba, mahaifiyar Babana, wake da shinkafa take sayarwa, kuma tun bayan Magariba take ɗora waken gobe. Murhunta na tsakar gida ne, jikin bangon da ya raba mu da lungu. Da zarar ta jefa karan dafi a tukunya, ruwan ya fara ja, mu yaran gidan sai mu jawo kujerunmu 'yan tsugunne. Ita daga arewa aka kawo ta tana yarinya, Hausarta cikakkiya ce, kuma ba ta gajiya da yi mana tsiya. In na ce "Mma ya tafi kasuwa", sai ta ce, "To, yaushe uwarki ta yi gemu?" Mu yi ta dariya, gobe mu sake.

Shekarar da nake son ba da labarinta ba mu yi dariya sosai ba. Babana, Idirisu, soja ne. Yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa ta bakin teku can yamma da mu, ƙasashen yankin suka haɗa sojojinsu suka tura, aka sa shi a jirgin ruwa. Ni ina aji huɗu a lokacin. Abin da na sani kawai shi ne Mma ta daina cin abinci sai an matsa mata, rediyo kuma ya koma kwana a ƙarƙashin matashinta. Sai ga shi an kawo gawar wani soja ɗan unguwar Maamobi wanda suka tafi tare da Baba. Muka je gaisuwa. Mma ta dawo ba ta ko gane hanyar gida, sai da na riƙe mata hannu muka tsallaka babbar kwata.

Washegari ƙanen Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya zo da dabara. Yana da aboki a bariki. In aka kai saƙo cewa mahaifiyar soja tana bakin mutuwa, akan ba shi izini ya dawo a jirgin da ke kai kaya. Sai dai ba a yarda da baki kawai, ana turo mutum ya gani da idonsa. Abin da ake so da Kaka ɗan kaɗan ne, ta kwanta, a lulluɓe ta, a ajiye kwanon magani a gefe, mata su zauna jugum. Ya riga ya kai saƙon ma, mutumin bariki zai zo gobe da hantsi. Mma ta durƙusa a gabanta ta ce, "Kaka, don girman Allah." Kaka ta tashi ta je tsince wake.

Da yamma muka taru kamar kullum, amma ranar har manya sun fito, kowa yana yi kamar iska ya zo sha. Kaka ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Muka ce, "Mu ne."

Ta ce akwai garuruwa uku a bakin wani kogi, Tudu da Gangare da Bakin Ruwa. A dajin bayansu akwai wani ɗan hari, Mai Jan Rawani, wanda yakan faɗa wa gari ɗaya ya kwashe hatsi da mutane. Garuruwan suka raba goro suka yi rantsuwa cewa duk wanda aka taɓa ya buga ganga, sauran za su zo. Aka taɓa Gangare, suka buga ganga har fatar ta fashe. Mutanen Tudu suka ce ai sun ɗauka biki ake yi. Na Bakin Ruwa suka ce iska ba ta kawo musu sautin ba.

Sai wani tsohon wanzami ya ce a bar rantsuwa, kowane gari ya aika samarinsa su riƙa kwana a ƙofar garin maƙwabcinsa. Mutum yana iya ƙin jin gangar wani, amma in ɗansa yana inda ake buga ta, zai ji. Aka yi haka. Mai Jan Rawani ya turo ɗan leƙen asiri da kayan gishiri a ka. A zamanin kowane gari da irin tsagarsa a fuska, shi kuwa ya iya karanta su. Ya koma ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙofar Gangare na ga kumatun Tudu, na ga goshin Bakin Ruwa. In ka harbi ɗaya, gari uku za su taso." Mai Jan Rawani ya mayar da kibiyarsa cikin kwari. Shekara da shekaru ba a yi yaƙi ba, samarin nan ba abin da suka yi sai kwana a ƙofa da cizon sauro.

A nan Kaka ta buɗe tukunya ta juya, ta daɗe tana juyawa.

Ta ce wata rana labari ya zo cewa ana wasa takubba a daji. Wata mata a Tudu, ɗanta guda ne tak, yana ƙofar Gangare. Ta kwanta ta aika cewa tana mutuwa. Yaro ya zo da gudu. Da safe maƙwabciyarta ta gan ta tana daka, lafiyarta garau, ita ma sai ta kwanta. Kafin a ce haka, duk uwayen Tudu suna mutuwa. Na Bakin Ruwa suka ji, su ma ciwo ya kama su. Mai gishiri ya sake zagayowa, ya duba ƙofar Gangare, bai ga tsagar kowa ba sai ta 'yan Gangare. Ko gishirin bai tsaya sayarwa ba.

Na kasa haƙuri na ce, "Kaka, ita matar fa, ta samu ɗanta?"

Ta ce, "Ta same shi mana. A ɗakinta yake kwana, tana dafa masa abin da yake so. Suna nan tare suka hango hayaƙin Gangare, suna nan suka hango na Bakin Ruwa. Da aka zo Tudu suka buga ganga, ba sauran mai ji. Ta tafi, ku rufe mata ƙofa."

Baba Ƙarami ya miƙe ya fuskanci uwarsa. "Mma, wannan tatsuniya ce. Ƙasar can ba maƙwabtanmu ba ne, ko yarensu ba mu ji. Idirisu kaɗai in ya dawo, yaƙin zai fasa ne?"

Kaka ta ce, "Wanda yake kwance kusa da shi a ramin yaƙi, Fuseini, daga bishiya ya faɗo? Shi ma da uwarsa."

Mma ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ni kuwa, wallahi, a ranar na tsani Kaka. Na tsani wanzamin, na tsani garuruwan nan uku da kogin nasu. Ubana nake so.

Da hantsi mutumin bariki ya zo, wani dogo da takalmi mai sheƙi. Ya tarar da layi a bakin lungu, wata tsohuwa tana zuba wake da shinkafa a ganye tana faɗa da mai neman ƙarin yaji. Ya tambayi ɗakin mahaifiyar Idirisu marar lafiya. Ta ce, "Ni ce, ɗana. Da ƙwai ko da kifi?" Ya tsaya yana kallonta, ya ci a tsaye, ya tafi. Mma ta yi watanni ba ta gaishe ta ba, a gida ɗaya, kuma Kaka ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Amma ni da nake kwana a ɗakinta na san sau nawa take tashi ta zauna a bakin gado, tana kiran sunan Baba a hankali.

Baba ya dawo bayan fiye da shekara, kunnensa na hagu ya mutu, yatsunsa biyu sun tafi. Ba wanda ya gaya masa abin da ya faru, har Kaka ta rasu.

Bana ne na gaya masa. Yaƙin yanzu a arewa yake, yana gangarowa, kullum rediyo na maganar ƙasashe su haɗa sojoji a bakin iyaka don a san ba a taɓa ɗaya a bar saura. Ɗana Rashidu kuma ya bi sawun kakansa, yana cikin waɗanda za a kai. Na zauna ta ɓangaren kunnen Baba mai ji, na ba shi labarin tun daga dabarar Baba Ƙarami. Na ce, "Baba, da ta kwanta, da ka zo?"

Ya ce, "Da gudu. Duk safiyar da aka tara mu ana kiran sunaye, addu'ata a ce uwata ce ba lafiya, Allah Ya yafe mini." Ya murza inda yatsun suke a da. "Ta san zan zo. Shi ya sa ba ta aiko ba."

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan samarin ƙofa take, da jarumtarsu. Ashe su an kai su ne kawai, kuma tsoro suke ji kamar kowa. Abin da Mai Jan Rawani yake jira ya gani shi ne ko na gida za su iya daurewa su bar su a can. Har yau ban ce Kaka ta yi daidai da Mma ba, na ga abin da matar nan ta sha. Na dai daina cewa ba ta son ɗanta.

Ni ba sai na yi ƙarya ba. A watan jiya likita ya ga wani abu a ƙirjina, ya ce aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci. In na faɗa, za a bar mini Rashidu. Jiya ya zo sallama da kakinsa, ya ce, "Mma, kin rame, lafiya dai?" Na ce masa zafin Accra ne, na ƙara masa miya.