Darasin da Malama Hannatu ta bari a hannunmu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Hannatu Abdallah a wani asibiti da ke Kuala Lumpur, bayan gajeriyar jinya. Bayan la'asar aka yi mata sallah, aka rufe ta a ƙasar da ta zo neman ilimi, saura 'yan watanni ta kare digirinta na uku a fannin tsara manhajar tarihi.

Yaya Hannatu, ke kika tarbe ni lokacin da na iso Pantai Dalam ban san kowa ba. Ke kika kai ni kasuwar Chow Kit kika nuna mini mai sayar da busasshiyar kuɓewa, ke kuma kika ja ni ajin Asabar na Cheras, inda muke koya wa 'ya'yan 'yan Nijeriya Hausa da tarihi.

A ajin nan na ga ko ke wace ce. Wata Asabar muka tarar da manyan ɗalibai sun yi cincirindo a kan waya, suna dariyar wani bidiyo da ke yabon Hitler, ɗaya na cewa da ma ya ƙarasa Yahudawa. Ban ji kin ɗaga murya ba. Tambayarsu kika yi: "Wa zai faɗa mini abin da mutumin nan ya aikata?" Babu wanda ya sani. A hanyar komawa kika ce da ni, "Fiddausi, laifinmu ne. Mun bar waya tana koyar da abin da makaranta ta tsallake."

Daga mako na gaba kika fara. Kin koya musu yadda aka hallaka Yahudawa miliyan shida a Turai, da abin da ya faru a Ruwanda, inda rediyo ya riƙa kiran mutane kyankyasai kafin a ɗauki adda. Kin gayyato wata ɗaliba 'yar Bosniya ta ba su labarin kawunta da aka kashe a Srebrenica saboda shi Musulmi ne. Sannan kika tambaye su irin sunayen da suke jin ana laƙaba wa maƙwabta a gida Nijeriya, suka fara lissafowa da kansu, kunya na kama su.

Ba a bar ki ba. A taron iyaye wani dattijo, Malam Badamasi, ya miƙe ya ce, "Malama, ana kashe 'yan'uwanmu a Gaza, ke kuma kina koya wa 'ya'yanmu tausayin Yahudawa?" Kika amsa masa cikin ladabi: "Baba, wallahi na yi kukan Gaza, kuma zan koyar da shi a ajin nan. Amma yarinyar da aka shaƙa wa gubar iska shekara tamanin da suka wuce, me ta yi wa Falasɗinawa? In yaro ya saba da murnar kisan wasu, ba mu san a kan wa zai tsaya ba." Wasu iyayen sun cire 'ya'yansu. Aka yi ta yamaɗiɗi da sunanki a zaurukan waya, har wasu suka daina amsa gaisuwarki. Na san abin ya yi miki ciwo, domin na ga hawayenki a cikin jirgin ƙasa. Asabar na zagayowa kika shiga aji da darasin kisan kiyashin Kambodiya.

Burinki shi ne darussan nan su shiga manhajar sakandare a gida. Ba ki kai ga gani ba. To ki sani, ni da Mus'ab, abokin bincikenki, mun karɓi aikin. Ajin Asabar ba zai rufe ba, zan tsaya a inda kike tsayawa ko da yara uku ne suka rage. Mus'ab kuma zai kai darussan ga malaman kwalejin ilimin da kika fito idan ya koma bana. Wanda zai zage mu ya zaga.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Ubaidullah, da 'ya'yanki Haidar da Aminat, da mahaifiyarki Hajiya Ɗelu a Funtuwa, wadda ba ta samu ganin gawarki ba. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanya abin da kika koyar ya zama sadaka mai gudana. Mu kuma Ya ba mu ƙarfin zuciya irin naki, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.