Turancin Uwar Malamai

Idan ka bi ta bayan makarantar koyon Turanci, ka wuce shagon mai gyaran waya, ƙofar nan mai koren fenti ita ce ta Uwar Malamai. Kada sunan ya ruɗe ka. Ba ta taɓa riƙe alli ba, ba ta kuma haifi malami ko ɗaya ba. Ɗanta guda ne tal, shi ma gyaran injin asibiti yake yi a wata ƙasa mai nisa. Ɗakuna biyu da ke saman benenta su suka jawo mata sunan.

Marigayi mijinta direban motar makarantar ne, kuma shi ya fara kwaso mata baƙo. Ya je filin jirgi ɗauko sabon malami, suka tarar famfo ya fashe a masaukin da aka tanadar masa, ruwa har idon sawu. Sai ya kawo shi gida, wai ya ɗan yi kwana biyu kafin a gyara. Malamin nan sai da ya shekara. Daga nan hanya ta buɗe, wannan ya tafi wancan ya zo, maza da mata, farare da baƙaƙe, kowa da ƙatuwar jaka a baya. Maigidan ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma baƙi ba su fasa ƙwanƙwasa koriyar ƙofa ba.

Ta san su kamar yunwar cikinta. Farkon zuwa sai ɗaukar hoto, har kwandon shara ba ya tsira. Daga nan ciki ya ɓaci, ta dafa ruwan zafi ta hau da shi. Bayan ciki sai kewar gida, wadda ita ce babbar cutar. Idan ta ji famfon banɗakin sama ya daɗe yana zuba, ta san ba wanka ake yi ba, kuka ne ake ɓoyewa. Ba ta tambaya. Sai dai ta ƙwala kira a sauko a taya ta ninke zanin gado, don a ganinta hannun da ke aiki ba ya samun sararin share hawaye. Ita ke raka su wurin mai aski kada a yi musu ƙwal kwabo, ita ke nuna musu maɓallin injin wanki da ba ya mayar da riga ta yara, ita ke korar samarin unguwa masu tare su a hanya don su gwada Turancinsu a ɓagas.

Doka ɗaya gare ta, kuma ba ta da sassauci: Turanci ba ya saukowa ƙasa. Matattakala ta ƙarshe ita ce iyakarsa.

"Kun wuni kuna tallarsa," in ji ta, "kada ku kawo min kwantai gida."

Mai son gishiri a teburinta sai ya roƙa da yaren gari, in ba haka ba ya ci lami. Da haka kowannensu yake barin gidan bakinsa ya buɗe, sai dai da maganar tsofaffin mata. An taɓa jin wani ƙaton malami mai gemu yana ce wa direban tasi, "Haba ɗan nan, ka ji tsoron Allah, ƙashina ba na yara ba ne." Ita kuwa abin alfaharinta shi ne kalmar Turanci ko ɗaya ba ta taɓa gilmawa ta bakinta ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ana nan sai ɗanta ya bugo waya ya ce za su zo hutu, shi da matarsa da 'yarsu, wadda ya sa wa sunan mahaifiyar tasa. Uwar Malamai ta yi guɗa har mai gyaran waya ya leƙo. Amma da ta ajiye wayar sai jikinta ya yi sanyi. Surukarta 'yar wata ƙasa ce daban, a gidansu da Turanci ake magana, yarinyar ba ta jin komai sai shi. Duk sanda aka haɗa su a waya, takwarar tata leƙowa take ta gudu bayan kujera. To a waya ke nan, inda ake iya cewa sabis ne ba kyau. In ta zo fa? Tsoro ya kama ta sosai, tsoron kada yarinya ta zo ta koma ba ta san tana da kaka ba, sai dai wata tsohuwa mai yawan murmushi.

A lokacin malami ɗaya ne a sama, wanda unguwa ta laƙaba wa Falwaya. Dogo ne har ya yi yawa. Sai da ta sa kafinta ya ƙara benci a ƙarshen gado don ƙafafunsa su samu wurin kwana, kuma duk faɗin garin babu takalmin da ya shige shi, ƙafa ɗaya yake ta kai wa mai gyara. Ajin ƙananan yara aka ba shi. Kullum yana dawowa murya a dishe, da 'yan taurarin takarda manne a wando. Da la'asar kuma ya kunna kwamfuta ya koyar da wasu yaran daga nesa, kamar yadda na gabansa suka riƙa yi, ita kuma tana ƙasa tana guga.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tare shi a gindin matattakala.

"Ɗana, zo mana. Abin nan da kuke sayarwa, akwai na tsofaffi?"

"Wane abu, Inna?"

"Kai ma ka sani. Sai ka sa na faɗa da bakina?"

Falwaya ya dafa ƙirji. "Inna! A nan ƙasa? Ina dokar?"

"Ni na kafa ta, ni zan ɗaga mata ƙafa. Kuma in na ji labarin nan a shagon mai gyaran waya, benci zan cire."

Maganganu kaɗan ta nema: sannu da zuwa, ni ce kakarki, zo in rungume ki. Sai dai Falwaya hanya ɗaya ya iya koyarwa, ita ce ta 'yan ajinsa. Ya sauko da ƙwallon roba, wai ya jefa mata, in ta cafe ta faɗi kalma.

"Ni da furfurata zan yi cafke?"

"Haka ake yi, Inna. Akwai ma waƙa, da tafi."

"Waƙar ta ci gidansu."

Amma ta cafe. Ba a jima ba har waƙar ta shiga yi, ƙasa-ƙasa, bayan ta saki labule. Abin haushin, kalmomin ba sa zama. Ta riƙe su da safe, kafin ta sauke tukunya sun zube. Da lokacin sabunta masa izinin zama ya yi, ita ta raka shi ofishin shige da fice kamar yadda ta saba, don ya riga ya je an koro shi, wai bangon da ke bayan hotonsa bai yi fari sosai ba. Suna cikin layi yana zufa yana tunanin ko za a sake maido shi, ita kuma tana jan hannun rigarsa tana raɗa, "Yaya ma ake cewa kaka?" Kowa da abin da ya dame shi. Shi ya samu hatiminsa a ranar, ita kuwa kafin su iso gida kakar ta sake ɓacewa.

Rana ba ta ƙarya. Da hantsi tasi ta tsaya a ƙofa, kafin a sauke jakunkuna falo ya cika. Matar tela da 'ya'yanta, mai gyaran waya, tsohuwar da gidanta ke kallon nata, kowa ya zo ganin ɗan unguwa da iyalinsa, kowa yana magana ba mai sauraron wani. Falwaya ya tsaya a tsakiyar matattakala, kansa na gogar silin, yana yi mata alama da ido.

Ga takwara. 'Yar mitsitsiya, da jakar goyo mai kunnen zomo, ta ƙanƙame ƙafar ubanta ta cusa fuska a wandonsa. Uwar Malamai ta durƙusa a gabanta, ta buɗe hannuwa, ta buɗe baki. Babu komai. Sannu da zuwan ta tafi, kakar ta bi ta, rungumar ma ba a maganarta. Yarinya ta leƙo da ido ɗaya, ta ga baƙin fuskoki sun yi mata rumfa ana ta surutu a kanta, sai leɓenta ya fara rawa.

"Kai, ba ta san ki ba fa," in ji matar tela, wadda ba a taɓa rasa ta wurin faɗin abin da kowa ya gani.

Nan ran Uwar Malamai ya ɓaci. Ta miƙe, ta tafa hannu da ƙarfi, sai ga Turanci ya ɓalle daga bakinta, tas, babu gargada:

"Kowa ya yi shiru! A zauna! Ido a kaina!"

Falo ya yi tsit. Ɗanta ya saki baki. Falwaya, da ya ji kalmomin da yake faɗa kullum sun dawo masa, bai san sanda ya zauna daɓas a kan matattakala ba. Ashe duk shekarun nan da take guga a ƙasa, malamai na sama suna fama da yara a kwamfuta, abin yana ɗigowa ta silin yana taruwa a kanta ba ta sani ba. Ba na gaisuwa ba ne, ba na hira ba ne, Turancin tsawata wa aji ne zalla, har da karin muryarsa.

Ita kuwa takwara, 'yar makarantar reno ce, wannan yaren ta san shi sarai. Ta saki ƙafar uban, ta zauna a ƙasa, ta tanƙwashe ƙafafu, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta zuba wa tsohuwar ido.

"Da kyau! Yarinyar kirki! Tauraro guda!" in ji Uwar Malamai. Ba ta san fassararsa dalla-dalla ba, ta dai san abin da ake faɗa ke nan idan yaro ya yi daidai.

Yarinya ta gyara zama tana jiran na gaba. Tsohuwa ta lalubi abin da ya rage a kanta, ta zaro wanda ta fi ji a rayuwarta, ta faɗe shi da iyakar gaskiyarta:

"Kina ji na? Kina ji na? Hotonki ya tsaya!"

Surukarta ce ta fara tuntsirewa. Falwaya ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Takwara ta toshe baki da hannu biyu, dariya na tsiyaya ta tsakanin yatsunta. Uwar Malamai ba ta san me ta ce ba, ba ta kuma damu ba. Wannan ce dariyar jikarta ta farko da ta ji ba ta cikin waya ba, daɗi ya cika ta, ta zauna a kan tabarma.

Sai yarinyar ta ɗaga hannu sama, ɗan yatsa a miƙe, irin na mai neman izini. Tsohuwa ta nuna ta da haɓa. Yarinya ta yi wata 'yar magana a hankali, mai tsawo, ta zauna tana jiran amsa.

To nan fa kayan Uwar Malamai suka ƙare, ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Ta waiwayi ɗanta.

"Me ta ce?"

Ya sunkuyo kusa da ita.

"Inna, tambaya take. Wai a wannan ajin, ana barin mutum ya zauna a cinyar malama?"

Ba ta nemi ƙwallo ba, ba ta kalli matattakala ba. Ta shimfiɗa ƙafafu, ta daddaɓa cinyarta, ta ce da yaren da aka haife ta a cikinsa, "Zo nan, takwara."

Ba wanda ya fassara. Yarinyar ta tashi ta zo.